Minti Bakwai

Litinin, bakwai da rabi, a Puerto Natales.
Iska na dukan kwanon rufi kamar mai bin bashi,
ƙanƙara ta kwana a jikin tagogin makaranta.
Yara talatin da ɗaya, kwamfuta ashirin da huɗu,
kowa ya rubuta sunansa,
ya bi shi da kalmar sirri,
allo ya girgiza kai:
ban san ka ba.

Shugaba Hortensia Oyarzún ta tsaya a bakin ƙofa.
"Eliseo, jarrabawa ƙarfe tara."
Ba ta ƙara ba.
Tarin da ta yi ya ƙarasa sauran.

Na fara daga ƙasa, inda zargi ya fi araha.
Na durƙusa ƙarƙashin tebur ina laluben wayoyi,
na tarar da cingam, da safar hannu ɗaya,
da waya lafiya ƙalau, fitilarta na ƙyafta mini ido.
Na ƙwanƙwasa wa uwar garke sau huɗu,
sau huɗu ta amsa.
To tana gida.
Baƙi ne kawai ba ta karɓa.

Na tambaye ta: kin san Maite Cárcamo?
Ta ce: na sani, aji uku, lamba dubu da ɗari biyu da shida,
ga rukuninta, ga ɗakin ajiyarta.
To buɗe mata mana.
Shiru.

Maite tana bayana, hula har gira,
ta ce, "Sunan karena ne. Ban manta ba. Ba zan manta ba."
Na ce kada ki faɗa wa kowa.
Duk ajin suka ce, "Pirata!"

Takwas da kwata.
Shayina ya huce, ya yi fata.

Abin da nake so da Linux ke nan:
ba ya ɓoye cikinsa.
Mutanen da ban taɓa gani ba suka gina shi,
suka bar ƙofofi ba kwaɗo,
suka ce wanda ya iya karatu ya shiga.
Na buɗe kundin da na'ura ke rubuta ƙorafinta,
layi bisa layi, fari a kan baƙi,
ina gangarawa kamar mai sauka rijiya,
na wuce gunagunin firinta,
na wuce kukan dare na faifai,
sai ga shi, ɗan layi, ko ihu babu:
tazarar agogo ta yi yawa.

Na dubi agogon ɗakin: takwas da talatin da ɗaya.
Na tambayi uwar garke: takwas da ashirin da huɗu.

Ashe tikitin shiga yana ɗauke da lokaci a goshi,
mai gadi kuma minti biyar yake yafewa.
Kowane yaro ya zo da gaskiyarsa,
amma daga gaba ya zo,
ita kuwa ba ta yarda da wanda ya riga ta isowa.
Ɗan hakin da ka raina.

Wa ya hana ta jin lokaci?
Na buɗe dokokin katanga ina shirin zagi,
na ga ƙofar da agogo ke leƙowa an toshe,
ga kwanan wata, watan Maris,
ga sunan mai aikin a gefe:
eliseo.
Ranar na ce tsaro nake ƙarawa.
Tun ranar take zamewa, daƙiƙa uku kullum,
ba wanda ya ji.

Layi ɗaya na goge.
Na jira.
Agogo ya yi tsalle ya kamo duniya.

"Maite, gwada."
Yatsu shida a kan madannai.
Allo ya buɗe, ga hoton baƙin kare mai ido ɗaya.

Tara saura minti goma sha ɗaya.
Shugaba ta ce, "Me ya faru?"
Na ce, "Agogo ne."
Ta dube ni, ta dubi nata,
ta ce, "Gobe ka zo da wuri."